Wa ke da garejin birni da daddare? Fashin baƙi kan izinin kwanan mota a yarjejeniyar gine-gine a Amurka

A yawancin biranen Amurka masu matsakaicin girma, garejin ajiye motoci da hukuma ta gina a tsakiyar gari yana da fuska biyu a kowace rana. Daga hantsi zuwa azahar yakan cika maƙil da motocin ma'aikatan ofisoshi da masu sayayya da masu zuwa kotu ko banki, har a kunna allon ƙofa da ke shaida wa direba cewa babu sauran wuri. Da an tashi aiki kuma sai motocin su fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, ta yadda zuwa ƙarfe 2 na dare hawa biyar ko shida za su kasance wayam, fitilu na ci, na'urar hawa bene na aiki, ana kuma biyan mai gadi. A daidai wannan lokaci ne mutanen da ke haya a benayen da ke maƙwabtaka da garejin suke neman inda za su kwanar da motocinsu. Haɗa waɗannan buƙatu biyu shi ne asalin izinin kwanan mota, wato kati ko rajistar lambar mota da ke bai wa mazaunin tsakiyar gari damar shiga garejin hukuma da yamma ya fita da safe, a kan kuɗin wata da bai kai na mai ajiye mota dare da rana ba. Mai karatu da ya san yadda ake barin mota a harabar gidan mai a hannun mai gadi, a biya shi kuɗin kwana, a zo a ɗauka kafin a fara sayar da mai, ya riga ya fahimci rabin zancen. Sauran rabin, wanda shi ne mai sarƙaƙiya, yana farawa ne lokacin da aka rubuta wannan izini cikin yarjejeniyar da birni ya ƙulla da kamfanin da zai gina bene.

Mai yiwuwa a yi mamakin abin da ya hana mutum barin motarsa a bakin titi, tunda titi ma babu kowa a kansa da daddare. Dalili shi ne birane da dama sun haramta hakan ko sun ɗaure shi da sharuɗɗa. A Milwaukee sai da takardar izini ake kwanar da mota a titi tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na safe, haka ma a Pasadena da ke Kalifoniya, sannan garin Brookline da ke gefen Boston ya daɗe da hana barin mota fiye da awa ɗaya a titi a cikin waɗannan sa'o'i, abin da ya sa mazaunansa da yawa ke hayar wurin kwanan mota. Chicago kuwa tana hana ajiye mota daga ƙarfe 3 zuwa 7 na safe a kan manyan tituna masu tsawon mil 107, daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, ko dusar ƙanƙara ta sauka ko ba ta sauka ba. Hujjojin da hukumomi ke bayarwa su ne kwashe ƙanƙara da sharar titi da gano motocin da aka yasar, kuma duk gaskiya ne. Akwai kuma dalilin da ba a cika furtawa a zauren majalisa ba, wato irin wannan doka tana rage sha'awar cusa 'yan haya da yawa a unguwa, domin wanda ba shi da gareji a gidansa zai sha wahalar mallakar mota.

Daga ɓangaren mai gini kuma, matsalar ta kuɗi ce tsagwaronta. Tun daga tsakiyar ƙarnin da ya gabata, dokokin tsara birane a Amurka suka riƙa wajabta wa duk mai gina gidajen haya ya tanadi wani adadi na wuraren ajiye mota, sau da yawa wuri ɗaya ko fiye ga kowane gida. Wurin mota ɗaya, idan aka haɗa da hanyar shiga da ta juyawa, yana cin kusan murabba'in mita 30, wato ya kusa girman ɗan ƙaramin gidan haya mai ɗaki ɗaya. Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin wannan fanni, ya tattara alƙaluman birane 12 na shekarar 2012, inda matsakaicin kuɗin gina wuri ɗaya ya kai dala 24,000 a garejin sama da dala 34,000 a na ƙarƙashin ƙasa, ban da kuɗin fili, kuma kayan gini sun ƙara tsada ƙwarai tun daga lokacin. Bene mai gidaje 100 zai iya lashe miliyoyin daloli a kan muhallin motoci kaɗai. A ƙaramin fili na tsakiyar gari ma abin yakan gagara gaba ɗaya, domin gangaren da mota za ta bi ta hau ko ta sauka zai cinye ƙasan ginin, inda ya kamata shaguna su kasance. Saboda haka mai gini yakan je wa birni da tayi cewa ga garejinku can yana kwana babu kowa, ku ware wa 'yan hayata izini kaza, ku ɗauke mini nauyin gina nawa.

Takardar da ake rubuta wannan ciniki a cikinta tana da nata tarihi. A 1976 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Avco, wanda ya kashe fiye da dala miliyan 2 wajen daidaita fili da shimfiɗa magudanai a gundumar Orange, cewa tunda bai karɓi izinin gini na ƙarshe ba, sabuwar dokar kare gaɓar teku ta hau kansa. Hukuncin ya tsorata masu zuba jari, shi ya sa a 1979 majalisar dokokin jihar ta halatta wa birane ƙulla yarjejeniya da masu gini, wadda ke daskarar da ƙa'idojin da za a yi aiki da su na tsawon shekarun da aka amince, su kuma masu ginin su ɗauki wasu alkawura kamar gyaran titi ko ware gidaje masu sauƙin haya. Wasu jihohin sun bi sahu da dokokinsu, wasu kuma suna yin irin wannan ciniki ta hanyar sharuɗɗan amincewa da taswirar gini. Abin da ya kamata a riƙe shi ne irin wannan yarjejeniya takan bi filin duk inda ya koma, ko an sayar da benen sau uku, kuma tana ɗaure majalisun da ba a ma zaɓe su ba tukuna. Farashin fakin na yau da kullum, majalisa na iya sauya shi a zama ɗaya. Izinin da ya shiga yarjejeniya kuwa ya zama haƙƙin da kamfani zai iya kai birni kotu a kansa.

Birnin Ann Arbor da ke jihar Michigan, mazaunin Jami'ar Michigan, misali ne da ke nuna abin a fili. An kafa hukumar raya tsakiyar garin a 1982, kuma a 1992 ta karɓi ragamar garejojin birnin, waɗanda a lokacin suka lalace saboda rashin gyara. Hukumar tana kula da wuraren mota kusan 8,000, tana sayar da izinin wata na dare da rana, tana kuma da izinin dare mai rahusa wanda ke aiki daga la'asar zuwa safiya. Shekaru da dama dokar birnin ta bai wa mai gini a tsakiyar gari zaɓi: ko ya gina wuraren motar da aka wajabta masa, ko ya biya kuɗi a madadinsu, ko ya ƙulla kwangilar sayen izini a garejin hukuma na tsawon shekaru. A 2012 aka buɗe garejin ƙarƙashin ƙasa na Library Lane kusa da babban ɗakin karatu, wanda ya ci kimanin dala miliyan 50, aka kuma yi masa harsashin da zai iya ɗaukar dogon bene a samansa. A 2017 majalisar birnin ta amince ta sayar wa kamfanin Core Spaces na Chicago haƙƙin gini a kan garejin a kan dala miliyan 10, domin ya gina bene mai hawa 17, kuma cikin abin da aka haɗa masa har da izinin ajiye motoci fiye da 300 a garejojin hukuma, wasu na dare da rana, wasu na dare kaɗai, na tsawon lokacin da idan aka yi ta sabuntawa zai kai shekara 50. Batun motocin ya shiga cikin abubuwan da masu adawa suka riƙa ɗagawa, musamman masu shaguna da ke tsoron abokan cinikinsu za su rasa wuri a garejin da aka gina da kuɗin jama'a. A Nuwamba 2018 masu zaɓe suka amince da gyaran kundin tsarin mulkin birnin da ya ce filin ya ci gaba da zama mallakar jama'a, cinikin kuma ya rushe. Ba batun motoci kaɗai ya kashe shi ba, domin rigimar ta fi karkata ga neman dandali a tsakiyar gari, amma ta nuna cewa sakin layin da ya shafi izinin mota yana iya zama wurin da jama'a suka fi jin zafin yarjejeniyar.

A nawa ganin, tushen tsarin daidai yake, domin barin gini na miliyoyin daloli ya kwana babu kowa alhali ana tilasta wa maƙwabcinsa ya gina irinsa ɓarnar dukiya ce. Inda ake tuntuɓe shi ne a bakin iyakokin izinin, kuma iyaka mafi wuya ita ce ta safiya. Tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa mazaunin bene zai fita da motarsa zuwa aiki kafin ma'aikacin ofis ya iso da tasa. Sai dai mutumin da ya zaɓi biyan hayar tsakiyar gari mai tsada, galibi ya yi haka ne domin ya riƙa tafiya aiki a ƙasa, motarsa kuwa ta zuwa babban kanti ce ranar Asabar ko ziyarar iyaye a wani gari. Irin wannan mutum, idan izininsa ya ƙare ƙarfe 9 na safe, zai sauko da rigar barci a ƙarƙashin rigar sanyi ƙarfe 9 saura kwata, ya fitar da motar ta shingen ƙofa, ya zagaya unguwannin da ke kewaye yana neman titin da ba a biya, ya bar ta can har yamma, ya dawo a ƙasa. Matsalar ba ta gushe ba, ta dai ƙaura zuwa ƙofar gidan wasu, su kuma sai su garzaya majalisa su nemi a keɓe wa mazauna unguwar titinsu, abin da Kotun Ƙolin Amurka ta halatta tun 1977 a shari'ar gundumar Arlington ta jihar Virginia. Bayan annobar korona ta 2020, da aiki daga gida ya yawaita, masu irin wannan hali sun ƙaru. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare kuwa izinin ba ya yi mata amfanin komai, domin motarta na waje da daddare, da rana take buƙatar wuri.

Iyakar yamma ma tana da nata cikas. Tsakiyar garin da ya farfaɗo ba ya mutuwa ƙarfe 5, domin gidajen abinci da na kallo suna cika daga magariba zuwa ƙarfe 10, wato daidai lokacin da masu izinin dare ke dawowa. Ga kuma ranakun da ba su bin ƙa'ida. Filin ƙwallon Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma a ranar Asabar ɗin wasa ko lokacin baje kolin zane-zane na watan Yuli, wurin mota ɗaya a tsakiyar Ann Arbor yana da darajar da ta ninka ta ranar Talata. Yarjejeniyar da ta ce izinin dare ya haɗa da Asabar da Lahadi baki ɗaya, ba tare da ta ware irin waɗannan ranaku ba, ta yi kyauta da sa'o'in da suka fi kowanne kawo kuɗi. Haka nan dole a fayyace ko izinin na nufin wuri keɓantacce mai lamba, ko damar shiga a nemi wuri kawai. Masu kula da gareji sukan sayar da izini fiye da adadin wuraren da ke akwai, domin sun san ba kowa ke zuwa lokaci ɗaya ba, kuma da zarar an rubuta sunan wani bene a jikin bango an keɓe masa layi guda, wannan dabara ta mutu, wurin zai zauna babu mota da rana alhali ana juya mutane a ƙofa.

Tsawon wa'adi da farashi su ne suka fi kowane sharaɗi nauyi, kuma a nan buƙatun ɓangarorin biyu suka yi hannun riga. Bankin da zai bai wa mai gini bashi na shekaru masu yawa yana so ya ga tabbacin cewa 'yan haya za su sami wurin mota har a gama biya, don haka kamfani yakan nemi shekara 20 ko 30 da damar sabuntawa. Birni kuwa ba ya iya hango yadda tsakiyar garinsa zai kasance bayan shekara 10. Chicago ta koya wa kowa darasi a wannan fanni, ko da yake nata cinikin na mitocin titi ne, wato na'urorin karɓar kuɗin ajiye mota a bakin titi. A Disamba 2008, zamanin magajin gari Richard M. Daley, birnin ya jinginar da mitoci kusan 36,000 ga wani rukunin masu jari ƙarƙashin jagorancin bankin Morgan Stanley na tsawon shekara 75 a kan kimanin dala biliyan 1.15. A shekarar da ta biyo baya babban mai binciken birnin ya ƙiyasta cewa an yi asarar kusan dala biliyan ɗaya a cinikin, kuma har yau idan birnin ya cire mitoci domin yin hanyar bas ko ya rufe titi fiye da ƙima, sai ya biya kamfanin diyya. Izinin dare 80 ko 100 bai kai wannan girma ba, amma cutar iri ɗaya ce: birni ya sayar da ikonsa na sauya shawara. Maganin da ya fi dacewa shi ne kada a rubuta adadin kuɗi a yarjejeniyar, a ce kamfani zai biya duk farashin da hukuma ta sanya wa kowa a kowace shekara, wa'adin kuma ya zama gajere, a sake duba adadin izinin bisa yawan waɗanda aka yi amfani da su a zahiri. Ya kamata a kuma rubuta abin da zai faru idan aka rufe garejin domin gyara, domin gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi yana cin ƙarfen da ke cikin kankare, ko kuma idan birni ya ga dama ya rushe shi ya gina gidaje. Idan takardar ta ce sai an samar wa benen madadi a nisan da bai wuce kaza ba, to tsohon garejin ya zama abin da ba a iya taɓawa.

Akwai kuma tambayar hannun da izinin zai shiga. Idan birni ya miƙa wa mai bene katuna 100 a dunƙule, shi zai raba, kuma babu abin da zai hana shi ɗora riba a kai ko ya cusa kuɗin cikin haya, ta yadda wanda ba shi da mota ma zai riƙa biya. Idan kuma kowane ɗan haya zai je ya yi rajista da kansa da shaidar zama, hukuma za ta san ainihin buƙatar, katin da ba a nema ba kuma ya koma ga jama'a. Wannan na da muhimmanci saboda a garuruwan da gareji ke cika akwai jerin masu jiran izini, wani ya yi shekara yana jira. Tsohon ɗan haya da ke zaune a saman shago, ko mai wanke kwanuka da ke tashi aiki ƙarfe 1 na dare, yana da haƙƙin tambayar dalilin da ya sa wanda ya tare a sabon bene jiya ya tsallake layi, don kawai mai gidansa yana da lauyoyi.

Wani shinge da ba a cika ambata a muhawarar jama'a ba shi ne na haraji. Birane sukan gina gareji da bashin da suke ci ta hanyar sayar da takardun lamuni waɗanda gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kan ruwansu, shi ya sa bashin ke zuwa da sauƙi. Dokar harajin tarayya ta taƙaita amfanin da kamfani mai zaman kansa zai yi da irin wannan gini zuwa kashi 10 cikin 100 a bisa ƙa'ida, kuma doguwar kwangilar da ta fifita wani kamfani a kan sauran jama'a tana iya shiga wannan lissafi. Saboda haka lauyan da ke kula da bashin birni yakan sa baki kafin a sa hannu, wani lokaci ma shi ke yanke adadin.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. A Landan, ƙananan hukumomi irin su Camden da Islington sukan amince da sabon bene ne da sharaɗin cewa mazaunansa ba za su sami izinin ajiye mota a titi ba, in ban da naƙasassu, sharaɗin da ake rubutawa a yarjejeniyar da ke tafe da izinin gini, kuma mai saye ko mai haya ya san da shi tun kafin ya tare. Japan kuwa tun 1962 ta wajabta wa mai sayen mota a yawancin garuruwa ya nuna shaidar cewa yana da wurin ajiye ta, wanda a yanzu bai kamata ya wuce nisan kilomita 2 daga gidansa ba, ta kuma hana kwanar da mota a titi, don haka kasuwar hayar wurin mota ta tsaya da ƙafarta ba tare da hukuma ta yi wa wani bene alkawari ba.

A Amurka ma ƙasar da tsarin ke tsaye a kanta tana motsi. Buffalo ta soke wajabcin gina wuraren mota a faɗin birnin a 2017, San Francisco ta biyo baya a 2018, Minneapolis a 2021, Ann Arbor kanta a 2022, Austin a 2023, sannan dokar Kalifoniya da ta fara aiki a farkon 2023 ta hana birane wajabta shi a nisan rabin mil daga manyan tashoshin jirgin ƙasa da na bas. Inda aka soke wajabcin, mai gini ba ya buƙatar izinin garejin hukuma domin cika sharaɗin doka, amma yana iya ci gaba da nemansa domin ya gamsar da banki da 'yan haya. Wannan ya sauya matsayin birni a teburin ciniki. A da, birnin ne ya ɗora wa kamfani nauyi, don haka yana jin wajibi ne ya taimaka masa ya sauke, yanzu kuwa kamfanin abokin ciniki ne kamar kowa, mai neman sayen sa'o'in dare a ginin jama'a, kuma hujjar ba shi wa'adin shekara 30 ko farashi na musamman ta yi rauni sosai. Sai dai yarjejeniyoyin da aka sanya wa hannu kafin a soke dokar suna nan daram, kuma garuruwan da suka ƙulla su za su ci gaba da ware waɗannan wurare har wa'adinsu ya cika, ko da rabin katunan suna kwance a aljihun teburin manajan bene.